Gem ɗin da ka biya kuɗinsa a intanet: naka ne, ko haya aka ba ka?

Sarkin_Hannu
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ce bari in kawo ta nan kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Masu son tseren mota sun san The Crew na kamfanin Ubisoft, wanda ya fito a ƙarshen 2014, wanda za ka ɗauki mota ka ratsa Amurka daga wannan gaɓar teku zuwa waccan. A Disamba 2023 suka cire shi daga kasuwa, ranar 31 ga Maris 2024 suka kashe sabarsa, wato kwamfutar kamfani da gem ɗin ke haɗuwa da ita ta intanet. To shi gem ɗin ba ya tashi sai da intanet, ko da kai kaɗai za ka buga, don haka ranar nan ya mutu a hannun duk wanda ya saya. Abin bai tsaya nan ba, cikin Afrilu masu buga shi a kwamfuta suka ga an janye lasisin daga asusunsu, ko sauke shi ba sa iya yi.

Ni dai a ganina, abin da mai sayarwa zai iya kashewa ranar da ya ga dama, ba a sayar maka da shi ba. Kuma abin da ya fi ba ni haushi, masu sharhin gem suna ba da maki kan kyan hoto da daɗin tuƙi, amma da wuya ka ji wani ya rage maki don gem ɗin zai iya mutuwa a hannunka. Me kuka gani?

Ɗan_Kurna
Wa alaikumus salam. Shi ya sa ni har gobe faifai nake saye. Abin da yake cikin durowata babu mai shigowa ya ɗauke.

Injiniya_Kd
@Ɗan_Kurna, The Crew ai har a faifai an sayar da shi, na PS4 da na Xbox, kuma masu faifan ma sun tashi a tutar babu ranar da aka kashe sabar. Faifai na kare ka ne idan gem ɗin yana cikinsa gaba ɗaya kuma yana tashi ba intanet. Yanzu wasu faifayan makulli ne kawai. Call of Duty: Modern Warfare II na 2022, abin da ke kan faifan PS5 ɗinsa bai kai MB 100 ba, sauran gomman GB ɗin sai ka sauke. Nintendo kuwa da suka fito da Switch 2 a Yuni 2025 sun zo da wani nau'in kati da suka faɗa ƙarara cewa babu gem a ciki, izinin saukewa ne kawai.

Ɗan_Kurna
To ko makulli ne ai ina iya sayar da shi in na gama. Na dijital wa zan sayar wa?

Injiniya_Kd
Nan kam ka yi gaskiya.

Baban_Nana_GidanGem
Ku bari mu da muke cin abinci da abin nan mu yi magana. Ina da gidan gem, talabijin huɗu, janareto ɗaya, yara na biya su buga bal. A shagona akwai PS2 da ta girmi yawancin yaran da ke zuwa, hannunta an ɗaure shi da salatif, amma ka kunna ta yanzu PES zai tashi, ba ta tambayar kowa izini. Ita kuwa sabuwar, ranar da za a yi babban wasa, yara sun cika benci, kana kunnawa ta ce sai ta sauke ƙari na GB kaza kafin ka shiga wasan intanet. Wane ne zai biya datar? Ni. Wane ne zai ƙona mai ana jiran sandar nan ta cika? Ni.

Kuma ku tuna, da EA suka rabu da FIFA suka koma EA Sports FC a 2023, sun kwashe tsofaffin FIFA daga shagunan intanet. Wanda ya riga ya saya yana nan da abinsa, amma wanda yake son FIFA 19 ko 21 yau, sai dai ya nemi faifai a hannun 'yan gwanjo. Da babu faifai da shi ke nan, an rufe babin.

UmmuHanif
Ni ba na buga komai, yarana ne, amma aljihuna ne yake ji. Babban ya dame ni har na saya masa katin kuɗi, ya je ya sayi riguna da bindigogi a wani wasan harbi na waya. Bayan wani lokaci kamfanin ya rufe wasan. Yaro ya zo yana ta ƙunci, na ce ina kayan da ka saya, ya ce Umma sun tafi da wasan. Tun daga ranar na ce in dai rigar da ba za a iya wankewa a shanya ba ce, kada wanda ya sake tambayata kuɗinta.

Sarkin_Hannu
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Irin wannan ya faru da manyan suna ma. Apex Legends Mobile an rufe shi ranar 1 ga Mayu 2023, bai cika shekara guda da fitowa ba, kuma EA ta ce ba za ta mayar da kuɗin abin da aka saya a ciki ba.

Barista_M
Bari in shigo ta fuskar doka, don akwai abin da ake cakuɗawa. Tun zamanin faifai, ba a taɓa sayar wa kowa da gem ɗin kansa ba. Haƙƙin mallakar fasahar na kamfani ne. Abin da ka mallaka shi ne robar faifan, sai kuma izinin amfani da abin da ke ciki. Bambancin shi ne a da kamfani ba shi da hanyar zuwa gidanka ya tilasta sharuɗɗan, yanzu kuwa yana da ita, domin na'urarka kullum tana gaishe da sabarsa. Doguwar takardar nan da kowa ke danna "na yarda" bai karanta ba, a ciki aka rubuta cewa lasisi ne, kuma ana iya dakatar da hidimar.

Abin da ya fara motsi shi ne, jihar Kalifoniya ta yi doka mai lamba AB 2426, gwamna ya sa hannu a Satumba 2024, ta fara aiki a 2025. Ta ce shago ba zai rubuta "saya" a kan kayan dijital ba sai ya bayyana wa mutum cewa lasisi yake karɓa, in ban da kayan da za ka sauke ka riƙe dindindin ba tare da intanet ba. Tun kafin ta fara aiki Steam, shagon gem na kwamfuta a intanet, suka saka sanarwa a wurin biyan kuɗi. Amma ku lura, dokar ba ta hana a kashe gem ba. Ta dai ce a faɗa maka gaskiya kafin ka biya.

Ɗan_Kurna
Wato yanzu za a sanar da kai kafin a yanke ka. An ci gaba.

Almajirin_Zaure
Barista, ni tambayata ta wani ɓangaren ce. A karatun da muka yi na babin ciniki, sayarwa tana mayar da abu mallakin mai saye, ya sayar, ya kyautar, ya bar wa magada. Ijara kuwa sayen amfani ne, kuma malamanmu na Malikiyya sun shar'anta a san lada a san wa'adi. To wannan abin na dijital ina za a ajiye shi? Ba ka mallake shi ba balle a ce ciniki, kuma ba a faɗa maka ranar ƙarewa ba balle a ce haya. Ka biya kuɗi cikakke a kan wa'adin da mai kaya kaɗai ya sani. Ni ba mai fatawa ba ne, amma abin yana mini kama da garari, wato cinikin da ba a san makomarsa ba, ya kamata a kai wa malamai su duba.

Barista_M
Malam, tambayarka tana da ƙarfi, kuma kusan ita ce hujjar masu fafutukar hana kashe gem a Turai, sai dai su ba da wannan harshen suke faɗa ba. Suna cewa ko dai a rubuta ranar mutuwar gem a jikin kwalinsa, ko a bar shi yana aiki. Kan maganar magada kuwa, ƙa'idar Steam ta ce asusu ba ya sauya hannu, kuma a 2024 an yi ta yaɗa amsar ma'aikatansu cewa ko da wasiyya ba za su mayar da shi ga wani ba.

Yar_Birni
Kai jama'a, wa zai zauna rabon gado a ce ga gona, ga gida, ga asusun Steam? Ka rubuta wa ƙaninka kalmar sirri a takarda kawai, magana ta ƙare.

Injiniya_Kd
Hajiya dariya kike yi, amma akwai masu gem ɗari biyar a asusu ɗaya. Ki lissafa da dala.

Oga_Dijital
Ni fa ban yarda da wannan koke-koken ba, bari in zama saniyar ware. The Crew ya yi shekara tara da 'yan watanni yana aiki. Saba ba da ruwan sama take tafiya ba, akwai wuta, akwai ma'aikata, ga lasisin motoci da na waƙoƙi da kamfani ke ɗauka na 'yan shekaru kuma yana ƙarewa. Mutum nawa ne suke buga shi a 2024? Kuna so su riƙe shago a buɗe har abada saboda mutum ɗari?

Sannan ku faɗi alherin dijital mana. Lokacin rangwame za ka samu gem ɗin dala 60 a dala 10 ko ƙasa. Faifai yana karcewa, ana arawa a hana ka, ƙura tana kashe idon na'ura, wanda duk ya yi hunturu a Kano da PS ya san wannan. Ni tunda na koma dijital ban sake goge faifai da gefen riga ina addu'a ba.

Sarkin_Hannu
Oga, babu wanda ya ce a riƙe saba har abada. Ko Ross Scott, mai tashar Accursed Farms a YouTube, wanda ya fara yaƙin Stop Killing Games a Afrilu 2024 saboda The Crew ɗin nan, ba haka ya nema ba. Cewa ya yi in za ku tafi, ku bar gem ɗin a yanayin da zai tashi ba ku: ko ku saki gyaran da zai sa a buga ba intanet, ko ku bar mutane su kafa sabarsu. Takardar kokensu a Tarayyar Turai ta haye sa hannu miliyan ɗaya a Yuli 2025. Kuma in abin ba mai yiwuwa ba ne, me ya sa da wuta ta yi wuta Ubisoft ɗin da kanta ta yi alkawarin sa wa The Crew 2 da Motorfest hanyar bugawa ba intanet?

Oga_Dijital
Na tsere mai sauƙi ne. Gem ɗin da aka gina kan mutum ɗari a fili ɗaya, da sabobi iri-iri na kamfanoni daban-daban, ba a cire shi kamar a cire filogi. Ƙungiyar kamfanonin gem ta Turai ma ta ce dokar za ta sa yin irin waɗannan ya yi tsada sosai.

Yar_Birni
To da me kake so su ce? Ka taɓa jin ɗan kasuwa ya ce a ƙara masa aiki kyauta?

Ɗan_Damagaram
Gaisuwa daga Zinder. Kuna ta maganar Turai da Kalifoniya, ku dawo gida. Mu ai ko a takarda ba mu cikin lissafi. PSN, wato hidimar intanet ta PlayStation, babu Nijar a jerin ƙasashensa, babu Nijeriya. Mu nan yawanci Faransa muke zaɓa, ku kuma Amurka ko Ingila, a nemo adireshin wani otal a rubuta. To ranar da aka rufe maka asusu, da wane baki za ka kai ƙara, alhali tun a layin farko ka ce kana zaune a Paris?

Ku tuna Helldivers 2 a Mayu 2024. Sony ta ce dole masu buga shi a kwamfuta su haɗa da asusun PSN, kuma aka cire gem ɗin daga Steam a ƙasashe da yankuna sama da 170 inda babu PSN. Mutanen waɗannan ƙasashen da suka riga suka biya, su ne hankalinsu ya fi tashi.

Injiniya_Kd
Wannan misalin ya dawo da mu kan rabin tambayar Sarkin_Hannu da muka bari, wato sharhi. Abin da ya sa Sony ta janye cikin 'yan kwanaki ba manyan mujallu ba ne. 'Yan wasa ne suka yi wa shafin gem ɗin a Steam ruwan maki mara kyau, dubu ɗaruruwa, har ya koma ja. Wasu na cewa wannan ɓarna ce, tunda gem ɗin kansa mai kyau ne. Ni kuwa ina ganin idan sharaɗin kamfani zai hana ni buga abin da na biya, to sharaɗin yana cikin abin da ake aunawa.

Malam_Sharhi
A nan zan ɗan saɓa maka, Injiniya. Ruwan makin nan wuƙa ce da ba ta san mai ita ba. Yau an yi don gaskiya, gobe an yi don ba a son fuskar jarumar gem, ko don wata rigimar siyasa da ba ta shafi wasan ba. Ka je Metacritic, shafin da ke tara makin sharhi, ka duba ɓangaren jama'a, rabi sun ba da 10, rabi sun ba da 0, da yawansu ba su taɓa kunna gem ɗin ba. Steam dai ya fi dama-dama, don sai kana da gem ɗin za ka rubuta, kuma ana nuna awa nawa ka buga.

Amma ba ina wanke ƙwararrun ba ne. Cyberpunk 2077 ya isa misali. Kafin fitowarsa ranar 10 ga Disamba 2020, kamfanin da ya yi shi, CD Projekt Red, na kwamfuta kawai ya ba masu sharhi, suka yi ta yabo, maki ya kai wajen 90. Mutane suka saya a PS4 suka tarar da abu yana tsayawa, mutane na ɓacewa a titi, motoci na nutsewa cikin ƙasa. Mako guda Sony ta cire shi daga shagonta ta mayar wa mutane kuɗi, bai dawo ba sai Yuni 2021. Masu sharhin ba ƙarya suka yi ba, abin da aka ba su suka gani, amma da yawansu ba su ɗaga murya sun ce an hana mu ganin na PS4 ba. Tun 2007 ma ana wannan zargin, lokacin da aka sallami Jeff Gerstmann daga shafin sharhin gem na GameSpot bayan ya ba Kane & Lynch maki 6, alhali tallan gem ɗin ya lulluɓe shafin.

Matsalar asali ita ce, sharhi na ranar fitowa ne, gem kuma yana ta sauyawa. Cyberpunk na yau ba shi ne na 2020 ba, an gyara shi ƙwarai. Wani kuma ya fito lafiya, bayan wata uku a cusa masa shagon saye-saye. Makin yana nan daram a kan abin da babu shi.

Baban_Nana_GidanGem
Ni masu sharhina suna kan benci. Da Konami suka mayar da PES eFootball a ƙarshen Satumba 2021, ban buɗe wani shafi ba. Yaro ɗaya ya kalli fuskar Messi ya ce Baba wannan ba shi ba ne, a mayar mana da na 2021. Daga baya na ji wai ya zama gem ɗin da aka fi zagi a Steam a lokacin, har kamfanin ya ba da haƙuri.

Auta_04
Yayyena ina da tambaya, kada ku yi mini dariya. Na kai PS4 ɗina wurin wani mai shago a kasuwa ya loda mini gem shida da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba. Ya ce kada in taɓa asusun da ya saka, kuma kada in haɗa ta da intanet. Wani abokina ya zo ya haɗa da wayarsa, yanzu duk gem ɗin akwai hoton ɗan kwaɗo a jikinsu, in na danna sai ta ce ba ni da lasisi. Na koma shagon ya ce sai na sake biya. Akwai yadda za a yi?

Injiniya_Kd
Auta, abin da ya faru shi ne asusun nasa ne, kuma na'ura ɗaya tak ake yarda ta zama babbar na'urar asusu a PS4. Shi kuwa ya sayar wa mutum da yawa, yana cire wannan yana saka wancan. Muddin taka ba ta shiga intanet ba, ba ta san an cire ta ba. Tana shiga ta ji labari ta kulle. Babu gyara sai shi ya mayar da kai, kuma gobe ma zai iya sake cirewa.

Ɗan_Kurna
Araha ba ta ado, ƙanina. Ka tara ka sayi faifai ɗaya na gwanjo, in ka gama ka yi musaya.

Oga_Dijital
Kun gani ko, shi wannan ba laifin dijital ba ne, laifin mai shago ne.

Sarkin_Hannu
Oga, ai kwaɗon da ya kulle Auta shi ne dai kwaɗon da ke jikin naka. Bambancin kawai wanda ke riƙe da makullin ya fi mai shagon girma.

Yar_Birni
Ni abin da nake yi a kwamfuta, in gem yana shagon intanet na GOG can nake saye. Ba su da makullin DRM, wato makullin da kamfani ke sa wa gem don tantance lasisi, suna ba ka fayil ɗin girkawa ka sauke ka ajiye a ma'ajiyar kwamfutarka, ko kamfanin ya rufe gobe naka yana nan. Matsalarsu manyan sababbin gem ba su cika zuwa can ba, bal kuwa babu ita sam. In kuma dole sai Steam, ku riƙe ƙa'idarsu: cikin kwana 14, in ba ka buga awa 2 ba, suna mayar da kuɗi. Na PlayStation kwana 14 ne su ma, amma da zarar ka fara saukewa ka rasa damar, sai in gem ɗin ya lalace.

Malam_Sharhi
Akwai kuma asarar da ba ta aljihu ba. Video Game History Foundation sun fitar da bincike a 2023 cewa kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa a lokacin. Nintendo ta rufe shagon 3DS da Wii U a Maris 2023, Microsoft ta rufe na Xbox 360 a Yuli 2024. Duk gem ɗin da a can kaɗai yake, sabon mai so ba shi da inda zai saya.

Ɗan_Damagaram
Shi ya sa masu kwafe suke cewa su ne ma'ajiyar tarihi.

Almajirin_Zaure
A'a ɗan'uwa, kada mu gyara ɓarna da ɓarna. Wanda ya zalunce ka a wa'adi bai halatta maka kayan wani da bai yi maka komai ba. Amma wanda ya biya kuɗinsa, aka kashe masa, ya nemo hanyar tayar da abin da ya saya, wannan wata mas'ala ce daban, ita ma ina so in ji bakin malamai a kai.

Oga_Dijital
Ku dai ku yi adalci. Google da ta rufe Stadia, hidimarta ta buga gem ta intanet, a Janairu 2023 ta mayar wa mutane kuɗin gem da na na'ura. Concord na Sony ya fito 23 ga Agusta 2024, aka kashe shi 6 ga Satumba, kowa ya karɓi kuɗinsa. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba.

Barista_M
Sun mayar don sun ga dama, ko don mako biyu ya yi kusa da yawa a ce an ci bulus. Tambayar ita ce, daga wata nawa ne kamfani zai ce ka more kuɗinka? Mako biyu an mayar, shekara tara ba a mayar ba. Shekara ɗaya fa? Biyu fa? Babu inda aka rubuta.

UmmuHanif
To ni yanzu ƙaramin ne ya taso ni da maganar PS5, wai mara faifai ta fi sauƙin kuɗi. Baban Nana, kai da kake cikin harkar, wacce zan saya?

Baban_Nana_GidanGem
Hajiya, mai faifai. Ko da za ki jira wata biyu ki cika kuɗin.

Oga_Dijital
Hajiya kada ki biye masa, sabuwar siririyar ana sayen wurin faifan daban a maƙala daga baya.

Injiniya_Kd
Ana maƙalawa, amma ranar farko sai an haɗa da intanet an yi masa rajista kafin ya karanta faifai. Ki tabbata an yi wannan a shagon kafin ki taho da ita gida.